Tallafin Mutum Biyu

Luqman Kabo ya ji muryar Shifa kafin ya ga idonta, wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci, a saman wani tsohon bene a unguwar Utaibiyya ta birnin Makka.

Abokan karatunsa ne suka yi masa kwatancen gidan. Sun ce akwai wata Hajiya Baraka da ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka duk Juma'a, kuma ba ta tsawwala wa ɗalibai. Shekararsa ta ƙarshe ce a sashen Larabci na jami'a, cikinsa ya gaji da shinkafar kabsa da gurasar Larabawa.

Ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wata murya daga bayan labule ta tambaya da Larabci ko wane ne, "Min?"

Ya gyara tsayuwa ya yi bayani da Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta, cewa ya zo ne, idan babu takurawa, yana fatan samun abincin mutum guda.

Sai dariya.

"Umma," in ji muryar da Hausa, "ga wani ya zo yi mana huɗuba ta biyu."

"Tuwo na zo saya," in ji Luqman.

"To ka ce tuwo mana, ya shehi. Esh, mene ne wannan duka?"

Labule ya ɗan janye. Ya ga idanu biyu a saman niƙabi, da hannu mai tabon jan biro yana miƙo masa leda. Ya karɓa ya yi godiya. Sai da ya kai ƙasan bene ya tuna bai biya ba, ya sake hawa.

"Na san za ka dawo," ta ce. "Masu huɗuba ba sa cin haƙƙi."

A Makka aka haifi Shifa, ba ta taɓa taka wata ƙasa ba. Tana koyar da yara mata karatun Alƙur'ani a wata makarantar unguwa. Mahaifinta, Malam Datti Zali, ya zo aikin hajji daga ƙasar Sakkwato tun yana saurayi, bai koma ba. Tela ne a wani shago a Rusaifa. Mai shagon, wani tsohon Balarabe, shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa ya sami iƙama, katin izinin zama. Matarsa Hajiya Baraka da 'yarsa suna ƙarƙashin katin nan nasa.

Lambar da ake yin odar tuwo tana hannun Shifa. Ta nan zance ya fara.

"Assalamu alaikum. Tuwo biyu ranar Juma'a, in Allah Ya so."

"Wa alaikumus salam, Mai Huɗuba. Biyu? Ka yi aure ne?"

"A'a. Na Juma'a da na Asabar."

"Miskin. Zan ce wa Umma ta ƙara maka nama."

"Na gode, 'Yar Makka."

"Wa ya ba ka izinin sa mini suna?"

"Wanda ya ba ki."

Hajiya Baraka ta gane tun da wuri. Sai ta fara ajiye masa kujera a bakin ƙofa, tana zaune daga ciki tana tsinkar zogale, su biyun suna magana ta labule. Shifa tana gyara masa Larabcin kasuwa, shi yana gyara mata Hausa. Ita ba ta san sunan watannin damina ba. Shi kuma bai san yadda ake faɗa wa mai tasi ya rage kuɗi ba tare da an zage shi ba.

A bazarar 2017 abubuwa uku suka faɗo a lokaci guda.

Na farko, jami'arsa ta ba shi gurbin digiri na biyu da tallafin ɗalibi marar aure: gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ɗan kuɗin wata, da tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara. Mai irin wannan tallafin ba shi da ikon ɗaukar mata a kan iƙamarsa.

Na biyu, wata jami'a a Malesiya ta ba shi gurbi ita ma, da gidan iyali da alawus ɗin da ya ninka na Makka.

Na uku, kafilin Malam Datti ya rasu, 'ya'yansa suka ce za su rufe shagon. Wani mai shago ya yarda ya ɗauke shi, amma a kan albashin da bai kai na da ba. Ga kuma sabon harajin da aka sa wa duk wanda ke ƙarƙashin katin wani. Malam Datti ya auna ya ga zai iya riƙe matarsa, ba zai iya riƙe su biyu ba. Katin Shifa zai mutu bayan hajji. Idan ba ta koma kan katin miji ba kafin nan, ko dai a fitar da ita zuwa ƙasar da ba ta sani ba, ko ta shiga sahun matan unguwar da ke rufe taga duk lokacin da motar jami'an shige da fice ta tsaya a layi.

Shifa ce ta faɗa masa, ta bayan labule, da murya kamar mai karanta labarai.

"Baba ba zai ba wa kowa ni ba sai wanda zai iya ɗaukar iƙamata. Kuma ba zai bari a fita da ni daga Makka ba. Ni ma ba na so. Khalas, shi ke nan, ka ji duka."

"Akwai wani ne?"

"Akwai Ubaidullah."

Luqman ya san shi. Haifaffen Makka ne shi ma, yana da shagon wayoyi a Rusaifa, da gida mai ɗaki uku, da iƙama mai ƙwari. Ba mugun mutum ba ne. Wannan ya fi damun Luqman.

"Jibi zan ga shugaban sashenmu," ya ce. "Zai yiwu a canza mini tallafin ya zama na mai iyali."

"To ka faɗa masa."

"In Allah Ya so."

Shugaban sashen, Dakta Abdulrazak, Bamakke ne mai saurin magana, kuma shi ya duba kundin Luqman na shekarar ƙarshe. Ya tarbe shi da fara'a, ya ce majalisar sashe ta zaɓe shi babu gardama. Sannan ya ɗauki biro ya dube shi.

"Kafin in sa hannu, akwai abin da kake buƙata? Wani abu ya rage?"

Luqman ya sunkuyar da kai.

"Babu, Dakta. Alhamdulillah. Kun yi mini komai."

Ya tsaya yana jira. A Kabo, idan babba ya tambayi yaro abin da yake so, yaro cewa yake babu. Babban ya sake tambaya, ya matsa, ya ce kai faɗi mana, daga ƙarshe ma shi zai hasaso buƙatar ya faɗe ta da bakinsa, yaro ya yi murmushi yana kallon ƙasa. Haka Luqman ya sami kekensa na farko, haka ya sami kuɗin jirgin zuwa Makka daga kawunsa.

"Ɗayyib," in ji Dakta. Ya sa hannu, ya rufe fayil, ya ɗauki waya.

Luqman ya jima a barandar sashen yana kallon duwatsun da suka kewaye garin. Babu wanda ya kira shi ya koma.

Da yamma saƙon Shifa ya shigo.

"Yaya? Ka faɗa masa?"

"Ya tambaye ni ko ina son wani abu."

"Masha Allah! Sai ka ce me?"

"Na ce babu."

Waya ta nuna tana rubutu, ta daina, ta sake farawa.

"Ya Luqman. Ya habibi. A garin nan sau ɗaya ake tambaya."

"Na ɗauka zai sake."

"Ya sake don me? Ka ce masa ka ƙoshi. Ka koma gobe ka nuna masa takardar Malesiya. Ka ce ga abin da waɗancan suka ba ni, ni kuma nan nake so, ku ƙara mini. Kowa haka yake yi."

"In yi ciniki da malamina?"

"Ka roƙi rufin da za ka saka ni, Mai Huɗuba. Ko ni ce za ka ce babu?"

Bai koma ba. Ya yi abin da ya saba. Ya nemi Mukhtaru, shugaban ƙungiyar ɗaliban Najeriya, mutum mai baki da son a san ya san manya. Ya roƙe shi ya samu hanya ya jefa wa Dakta maganar a kaikaice, cewa wasu na zawarcin Luqman daga waje, da an ɗan kyautata masa da ba zai duba su ba.

Mukhtaru bai sami Dakta ba, sai ya faɗa wa sakatarensa. Sakatare ya faɗa wa wani malami a wurin shan shayi. Kafin mako ya zagayo, rabin maganar ya faɗi a hanya. Abin da ya rage shi ne, Luqman ya sami wuri mafi tsoka, zai tafi.

Dakta Abdulrazak ya wuce shi a baranda ya amsa sallama bai tsaya ba.

Ɗalibai na sayen katin waya a shagon Ubaidullah. Ubaidullah kuma yana kai ɗinki wurin Malam Datti, ta nan maganar ta isa kunnensa. Juma'ar da ta biyo baya, Luqman ya tarar babu kujera a bakin ƙofa. Malam Datti da kansa ne ya fito, dogo, siriri, da tabarau a kan hanci.

"Kai ne Luqman."

Luqman ya durƙusa ya gaishe shi.

"An ce mini kana ɗaukar takardar wata makaranta kana tsorata malamanka da ita, kamar mai sayar da rago ranar jajibirin Sallah. Gaskiya ne?"

"Baba, ba haka..."

"Mutanen da suka ciyar da kai suka koya maka karatu kyauta. Wanda ya yi wa malaminsa haka, mi zai yi wa surukinsa? Kuma an ce tafiya za ka yi. Ɗiyata ba ta zuwa ko'ina. Tuwon ma ka nemi wani gida."

Ya koma ciki ya rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba.

Saƙon Shifa ya zo washegari.

"An ce ka amsa wa mutanen Malesiya."

"Na amsa cewa su ƙara mini lokaci."

"Lokacin me? Na haɗa kaya?"

"Na riƙe su ne don kada in rasa abin nunawa."

"Kana riƙe da abin nunawa, ba ka nuna wa wanda ya kamata ba, duk Makka ta gani. Ni ban san wani gari ba, Luqman. In tafiya za ka yi, ka faɗa mini da bakinka, kada in ji a bakin Mukhtaru."

"Ba zan tafi ba, 'Yar Makka."

Ba ta amsa ba. Ya sake rubutawa da safe, ya sake da yamma. Saƙonnin suka tsaya da alama ɗaya, ba su isa gare ta ba. Daga baya ya ji cewa Malam Datti ya karɓe wayar, ya kuma ce wa dangin Ubaidullah su saurare shi bayan ƙaramar Sallah.

Azumi ya kama. Luqman yana kwana a ɗaki mai gado huɗu, na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara kamar injin niƙa. Idan ya karɓi tallafin Makka yadda yake, zai zauna a garin yana kallo a kai Shifa Rusaifa. Idan ya tafi Malesiya, zai sami gidan iyali ya zauna a ciki shi kaɗai. Idan bai karɓi ko ɗaya ba, nasa katin zai mutu ranar da aka ba shi shaidar kammalawa. Yakan je Harami bayan La'asar ya shiga ɗawafi, ya gama zagaye, ya fito ta ƙofar da ya shiga da tunanin da ya shigo da shi.

Wata safiya ya buga takardar Malesiya, ya sa a ambulan, ya tafi sashen. Bai nemi kowa ya yi masa iso ba.

Dakta Abdulrazak bai ce ya zauna ba.

"Na'am?"

Luqman ya buɗe baki zai fara da dogon yabo, sai ya haɗiye shi.

"Dakta, ranar da ka tambaye ni, ina da buƙata, ban faɗa ba. Ina son in yi aure. Yarinyar haifaffiyar garin nan ce, katinta zai mutu bayan hajji. Tallafin da kuka ba ni ba zai ɗauke ta ba. Waɗannan sun ba ni na mai iyali. Ina roƙo ku ba ni irinsa."

Ya ajiye ambulan a tebur.

Dakta ya karanta takardar har ƙarshe.

"Na tambaye ka a kujerar nan. Ka ce na yi maka komai. Sannan in ji a bakin mai kawo shayi cewa ɗalibina zai tafi?"

"A wurinmu yaro ba ya faɗa wa babba buƙatarsa a tambayar farko."

"A ta nawa yake faɗa?"

"Babban ne yake ganewa."

"La haula. To ni malamin nahawu ne, ba na karanta zuciya. Zauna."

Ya zauna. Dakta ya yi masa bayani ba tare da sassauci ba. Majalisa ta riga ta yanke hukunci, fayil ya rufu. Takardar nan ce kaɗai za ta iya sa a sake buɗe shi. Amma da zarar an buɗe, hukuncin farko ya rushe. Akwai malamai a majalisar da ba sa son a kawo musu takardar wata jami'a. Za su iya cewa Allah Ya kiyaye hanya, su ba wa na bayansa gurbin.

"Yaushe wa'adin waɗancan zai cika?"

"Alhamis mai zuwa."

"Majalisa Laraba take zama. Amma sai shugaban tsangaya ya sa hannu, shi kuma ba ya sa hannu a goman ƙarshe na azumi. Ka gane? Za ka saki wancan kafin ka san ko ka kama wannan."

"Ni dama ba na son tafiya, Dakta."

"Wannan kada ka rubuta shi."

"Ba zan rubuta ƙarya ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Rubuta abin da suka ba ka. Rubuta abin da kake so, ɗaya bayan ɗaya, ban da huɗuba. Sauran nawa ne. Ka je ka yi tunani, ka kawo mini gobe in ka yarda."

Luqman ya fita ya kira lambar Hajiya Baraka. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ita ba ta san waɗannan abubuwan ba, amma bari ta ajiye wayar a kan firji ta shiga kicin.

Bayan ɗan lokaci saƙon Shifa ya shigo daga lambar.

"Ni ce. Na ji duka. In suka ce a'a, za ka rasa nan ka rasa can?"

"E."

"Kuma ka je da kanka? Ba Mukhtaru?"

"Da ƙafata."

"Ka faɗa da bakinka?"

"Har ya ce ban da huɗuba."

"Allah Ya yi wa Daktan nan albarka. Luqman, ba zan ce ka kai ba, karatunka ne. Amma in ka kai, ka sani ni ban ce wa Baba e a kan kowa ba, kuma ba zan ce ba."

"Zan kai, ya ruhi."

"Ka ga, ka fara iya Larabci."

Ya kai takardar da safe. Ranar Laraba da yamma ya tari Dakta a wurin ajiye motoci. Dakta ya ce an yi gardama mai zafi, fayil yana teburin shugaban tsangaya, kada ya sake tambayarsa. Ranar Alhamis Luqman ya zauna a ɗakin karatu ya rubuta wa mutanen Malesiya godiya, ya ce ba zai samu zuwa ba. Ya daɗe yana kallon allon kafin ya tura.

Aka yi Sallah ba shi da gurbi a ko'ina. Abokan ɗakinsa suka tafi gida hutu, ya rage shi kaɗai da gadaje uku babu zanen gado. Bai sayi tikiti ba, don idan ya fita babu tabbacin zai dawo.

Amsa ta fito bayan an koma aiki. Ba su ba shi duk abin da ya nema ba. Gidan iyali babu, sun ce layin masu jira ya yi tsawo. Amma sun mayar da tallafin na mai aure, da ikon ɗaukar mata a kan iƙamarsa, da ɗan kuɗin haya. A madadin haka zai riƙa koyar da sababbin ɗalibai Larabci da safe. Sharaɗi ɗaya ne: ya kawo takardar ɗaurin aure kafin a buɗe zango.

Daga sashen ya hau tasi zuwa Rusaifa. Ya tarar da Malam Datti a sabon shagon yana yankan farin yadi. Ya yi sallama, ya durƙusa, kuma da yake ya ga amfanin magana kai tsaye, bai tsaya ba.

"Baba, an ba ni. Zan iya ɗaukar iƙamar Shifa. Ba za mu bar Makka ba. Na zo ka ba ni ita."

Almakashi ya tsaya. Teloli biyu 'yan Bangaladesh da ke gefe suka ɗago kai.

"Wa ya aiko ka?"

"Ni na zo da kaina."

"Da kanka. A shago. Ina riƙe da yadin mutane." Malam Datti ya cire tabarau. "Yaro, ni na yi maka kama da Balarabe? A garinku haka ake neman aure? Tashi ka ba ni wuri. In kana da manya, ka turo su."

"Manyana suna Kabo, Baba."

"To ba ni na kai su can ba. Ranar Juma'a mutanen Ubaidullah za su zo jin amsa. Kuma maganar malamanka tana nan, ban manta ba."

Luqman ya fito ya tsaya a rana. Babban da yake da shi a Makka mutum ɗaya ne. Ya sake tare tasi.

Dakta Abdulrazak ya saurare shi, ya jingina da kujera.

"Wata biyu da suka wuce ba ka iya neman ɗaki ba. Yau kana nema in zama ubanka."

"E, Dakta."

"Akwai wurin ajiye mota a Utaibiyya?"

"Babu."

"Na sani. Ranar Alhamis bayan La'asar."

Dakta ya zo da farar riga da mayafin kai, ya hau benen yana haki. Aka shimfiɗa darduma a falo. Luqman ya kira kawunsa na Kabo a waya, ya jingina ta da filo don ya ji ya kuma sa baki, shi kuma ya koma bakin ƙofa ya zauna kansa a ƙasa.

Malam Datti ya yi shekaru yana ɗinka wa irin waɗannan mutanen riguna. Babu ɗayansu da ya taɓa zama a falonsa. Ya zuba gahawa da hannunsa.

Bayan gaisuwa ya kawo ƙorafinsa da Larabcin kasuwa: yaro ya yi ciniki da malamansa.

"Ya ammi," in ji Dakta, "ni ne malamin. Karatun da na koya masa bai taya ba, bai kuma sayar ba. Ɗaki ya nema, da izinin riƙe matarsa. Laifinsa ɗaya, ya sa na jira makonni kafin ya faɗa. Ya saki wuri mai gida da kuɗi tun bai san ko za mu ba shi komai ba, saboda 'yarka ba ta son barin garin nan. Ni da nake da 'ya'ya mata, wannan ya ishe ni shaida. Na zo nema masa aurenta."

Daga cikin waya kawu ya ɗaga murya ya ce su ma abin da suke roƙo ke nan, Allah Ya sa a duba maraicin yaron a baƙon wuri.

Malam Datti ya juya kofin gahawa a hannunsa.

"To. Mun ji. Za mu yi shawara."

Dakta ya waiwayo ya dubi Luqman, yana neman fassara. Kafin Luqman ya ɗago, muryar Hajiya Baraka ta fito daga bayan labule.

"Malam, wace shawara kuma? Wadda muka gama jiya? Ka faɗa wa bawan Allah ya ji, tuwo na hucewa."

Malam Datti ya yi tari. Ya dubi labulen, ya dubi wayar da ke jingine da filo.

"Na ba shi," ya ce.

An ɗaura auren a ƙaramin masallacin unguwa kafin mahajjata su cika garin. Ubaidullah ya zo, ya zauna a sahun baya, ya yi wa ango musafaha, ya tafi kafin a raba abinci. Kuɗin hayar bai kai Rusaifa ba, bai ma kai Utaibiyya ba. Sun sami ɗaki da falo a Ka'akiyya, can gefen gari, inda motar haya ke juyawa.

Sauya katin ya ɗauki makonni, ofis ya tura su ofis. Ranar da ya fito, Luqman ya aika mata saƙo daga bakin taga.

"Ya fito, uwargida."

"Ka duba sunan da kyau?"

"Shifa Datti. A ƙarƙashin Luqman Kabo."

"A ƙarƙashi a kati kawai, habibi. Ka taho da yogot."

Da yamma suka je Utaibiyya. Shifa ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta katin da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta gaba, ya juya baya, ya duba ranar ƙarewa. Ya tambayi Luqman shekara nawa karatun zai ɗauka. Luqman ya ce uku, kuma in Allah Ya so akwai na gaba da shi.

"To ka riƙa karatu a hankali," in ji Malam Datti.

Ya mayar mata da katin, ya ɗora hannu a kanta, ya kira Luqman ya matso.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zuriya mai jin ƙanku. Allah Ya sa in na mutu a garin nan kuna kusa, ku ne za ku raka ni."

"Amin," in ji Hajiya Baraka daga kicin. "Amma ba yau ba. Ku zo ku ci abinci."